Ƙwaya Ɗaya a Rana: Tarihin Maganin Ƙanjamau da Isarsa Salaga, Yendi da Bawku

Gabatarwa

A ɗakunan karɓar magani na asibitocin arewacin Gana, abin da ake miƙa wa mai ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau a yau 'yar roba ce mai ƙwayoyi 30 ko 90, tare da umarnin ya sha ɗaya kullum a lokacin da ya tsayar wa kansa. Ma'aikatan lafiya suna kiran maganin da haruffa uku, TLD, domin magunguna uku ne aka cura wuri guda. Wanda ya riƙe shi da gaskiya yakan yi nomansa da kasuwancinsa, ya yi aure, ya haifi 'ya'ya lafiyayyu. A farkon shekarun 1990 kuwa, wanda gwaji ya nuna yana da cutar a wannan yanki ba shi da abin jira sai ajali. Wannan rubutu zai bi diddigin abin da ya faru tsakanin waɗannan lokuta biyu, ya kuma dube shi daga garuruwa uku da Hausa ke da tsohon tushe a cikinsu, wato Salaga da Yendi da Bawku. Ɗalibin harshe zai tarar da nasa rabon, domin sunayen da aka raɗa wa cutar da maganinta suna cikin labarin.

Hanyar Gwanja

Tun kafin ƙarni na 19 fataken ƙasar Hausa suke bin hanyar Gwanja. Ayari yakan tashi ƙarƙashin madugu, jakuna ɗauke da kanwa da tufafin rini da fatun jima, ya ratsa Borgu, ya biyo ta Sansanin Mango, ya sauka Yendi, babban birnin Dagwamba kuma mazaunin Ya Na, sannan ya ƙarasa Salaga, inda goron dazuzzukan Asante ke jiran masu saye. Tafiyar watanni ce zuwa, watanni dawowa. Salaga ta shahara da yawan rijiyoyi da malamai, ta kuma shahara da kasuwar bayi, wadda tabonta bai goge ba har yau. Ƙarfinta ya fara raguwa bayan da Ingilishi suka ci Kumasi a 1874, yaƙin basasar 1892 kuma ya tarwatsa mazaunanta. Waɗanda suka watse su ne suka cika zangunan Kete-Karachi da Yeji da Kintampo da Kumasi, har zuwa Akra, suka tafi da harshen Hausa duk inda suka sauka.

Cikin waɗanda suka bar Salaga a wancan lokaci har da Alhaji Umaru, wanda aka haifa a Kano wajen 1858, ya rasu a Kete-Karachi a 1934. Ɗaliban Hausa sun san shi da waƙoƙinsa na ajami da aikin da ya yi tare da Bajamushe Adam Mischlich, mai ƙamusun Hausa na 1906. Abin da ya shafe mu a nan shi ne waƙar da ya rubuta da Larabci a kan annobar mura ta 1918, wadda aka sani da Tunkuyau. Murar ta shigo da jiragen ruwa ta gaɓar teku, ta bi hanyoyin kasuwa ta kai arewa cikin 'yan watanni, kuma masana tarihi sun ƙiyasta ta kashe kusan mutum 100,000 a ƙasar. Hanyar da ta kawo goro da littattafai ita ce ta kawo cutar, a lokacin da babu wani magani da zai biyo sawunta.

Ɓullar ƙanjamau a Gana

A watan Yunin 1981 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton wasu maza biyar a birnin Los Anjalis da suka kamu da ciwon huhun da ba ya kama mai lafiyayyar garkuwar jiki. A 1983 masu bincike a Cibiyar Pasteur ta Faris, Françoise Barré-Sinoussi da Luc Montagnier, suka gano ƙwayar cutar. Gana ta tabbatar da masu cutar na farko a watan Maris na 1986, ta kafa shirin ƙasa na yaƙi da ita a 1987. Mafi yawan waɗanda aka fara gani mata ne da suka dawo daga ci-rani a Abijan. Da yawansu 'yan ƙasar Krobo ne, kusa da madatsar ruwan Akosombo, inda tafkin Bolta ya cinye gonaki a shekarun 1960, talauci ya kori mutane daga gida.

Arewa ta samu sauƙi idan aka kwatanta da kudu. Binciken lafiyar al'umma na 2003 ya nuna kashi 2.2 cikin ɗari na baligan ƙasar suna ɗauke da ƙwayar cutar, jihar Gabas tana kan gaba, jihar Arewa kuma tana can ƙasa da kusan kashi 1. Sai dai wannan sauƙi ya zo da nasa nauyi. Hukuma ta fara kai kayan aiki inda masu cutar suka fi yawa, arewa ta jira. Haka kuma, a garin da masu cutar ba su da yawa, wanda aka sani da ita ya fi fita daban, tsangwama ta fi yi masa zafi. Ga shi kuma arewa ƙasar ci-rani ce. Samari suna gangarawa gonakin koko da ramukan zinariya, 'yan mata suna tafiya Kumasi da Akra su yi dako a kasuwa. Sunan da ake kiran waɗannan 'yan mata da shi, kayayei, haɗin gambiza ne, kaya daga Hausa, yei kuma daga harshen Ga, ma'anarsa mata.

Sunan cutar da sunan maganin

Kalmar ƙanjamau ta fito daga aikatau ƙanjame, wato ramewa har ƙashi ya bayyana. Siffarta ɗaya da ta sanƙarau, daga sanƙare, haka kuma da Tunkuyau na Alhaji Umaru, wanda ke tuna wa mai ji tunkuyin rago. Bahaushe yakan raɗa wa cuta suna daga abin da ido ya ga tana yi. A Nijar an ari sida daga Faransanci, a bakin titi kuma an daɗe ana cewa kabari kusa. Gidajen rediyo ne suka yaɗa doguwar jimlar nan, cuta mai karya garkuwar jiki, wadda ta fi kusa da yadda likitoci suka fahimci abin. Maganin kuma suka kira shi mai rage kaifin cutar, domin ba ya fitar da ita daga jiki.

Akwai abin lura biyu a nan. Na farko, ƙanjamau sunan matakin ƙarshe ne na ciwon, lokacin da garkuwa ta rushe. Mutum yakan ɗauki ƙwayar cutar shekaru masu yawa ba tare da ya rame ba, mai shan magani kuma yana iya ƙarasa rayuwarsa bai kai wannan mataki ba. Kiran kowa da sunan mai ƙanjamau yana sa mai jiki a murje ya ɗauka ba ya buƙatar gwaji. Na biyu, kalmar ƙwaya tana ɗauke da ma'ana uku a wannan fage, ƙwayar cuta da ƙwayar magani da kuma ƙwayar maye. Idan aka ce wane yana shan ƙwaya, ba asibiti ne ke fara zuwa zuciyar mai saurare ba. Mai fassarar saƙon lafiya da bai kula da wannan ba yana iya kunyata wanda yake son ya taimaka.

Daga tulin ƙwayoyi zuwa haɗin uku

Maganin farko da aka amince da shi shi ne AZT, a watan Maris na 1987. Jerome Horwitz ne ya haɗa shi tun 1964 da nufin maganin daji, bai yi aiki ba, aka ajiye. Masu cutar sun riƙa shan sa kowace sa'a huɗu, dare da rana, a kan kusan dala 10,000 a shekara, amfaninsa kuma ba ya daɗewa. Dalilin yana cikin halin ƙwayar cutar. Takan shiga sojojin jini da ke tsaron jiki, ta kwafi bayanan halittarta, ta dasa kwafin cikin na mutum, daga nan ƙwayar jikin ta koma masana'antar haifo mata 'ya'ya. Tana hayayyafa biliyoyi a rana, kuma tana yawan kuskure wajen kwafi. Cikin waɗannan kurakurai ake samun wanda maganin ba ya kamawa, shi ne zai yaɗu, sai a ce cutar ta bijire. Magani ɗaya ƙofa ɗaya yake rufewa.

A taron duniya na Bankuba ta ƙasar Kanada a 1996 aka bayyana cewa haɗa magunguna uku lokaci guda yana danne ƙwayar cutar har awo ya kasa ganinta a jini, domin da wuya kuskuren kwafi ya tsallake uku a tare. Mace-mace suka ragu ƙwarai a Amurka da Turai. Amma mai shan maganin yakan haɗiyi ƙwayoyi fiye da goma a rana, wasu da abinci, wasu da cikin wofi, wasu kuma sai an ajiye su cikin firiji. Kuɗinsa a shekara yana kai dala 10,000 zuwa 15,000. Ga manomin doya a Salaga, labarin tamkar ba a yi shi ba.

Rikicin farashi

Gana na cikin wuraren da aka fara gwabzawa a kan farashi. A 2000 kamfanin Cipla na Indiya ya fara shigo da Duovir, kwafin haɗin magunguna biyu mai araha. Kamfanin Glaxo Wellcome, mai Combivir, ya rubuta yana cewa an taka masa haƙƙin mallaka, Cipla ya dakatar da jigila, duk da cewa wani jami'in hukumar rajistar haƙƙin mallaka ta yankin ya ce waɗancan takardu ba su da ƙarfi a Gana. A watan Fabrairun 2001 shugaban Cipla, Yusuf Hamied, ya yi wa ƙungiyar likitocin agaji ta MSF tayin haɗin uku a kan dala 350 a shekara, ƙasa da dala ɗaya a rana. Daga nan abubuwa suka biyo juna. A watan Afrilu kamfanoni 39 suka janye ƙarar da suka kai gwamnatin Afirka ta Kudu, a watan nan dai shugabannin Afirka suka yi alkawari a Abuja za su ba lafiya kashi 15 cikin ɗari na kasafinsu. A watan Nuwamba yarjejeniyar Doha ta tabbatar da cewa haƙƙin mallaka ba zai hana ƙasa kare lafiyar jama'arta ba. Aka kafa Asusun Duniya na yaƙi da ƙanjamau da tarin fuka da zazzaɓin cizon sauro a 2002, sannan a 2003 Shugaba George W. Bush ya sanar da shirin PEPFAR na dala biliyan 15.

A watan Yunin 2003 aka fara ba da maganin a asibitocin Atua da Agomanya, a ƙasar Krobo inda cutar ta fi tsanani, daga baya Korle Bu a Akra da Komfo Anokye a Kumasi suka biyo. Mai karɓa yakan biya tsohon sidi 50,000 a wata, kusan dala 5. A 2005 gwamnati ta yi amfani da ikonta ta ba da izinin shigo da kwafin magungunan daga Indiya. Sannu a hankali shirin ya hau arewa, ya fara da manyan asibitocin jiha kamar na Tamale da Bolgatanga, kafin ya sauka asibitocin gundumomi.

Haɗin da ya fi yaɗuwa a Afirka a waɗancan shekaru, irin Triomune, sau biyu ake sha a rana, kuma yana ɗauke da sitabudin, wanda ke zuƙe kitsen fuska da gaɓoɓi, ya sa ƙafafu zogi. Maganin da ya ceci rai shi ne kuma yake tona asirin mai shi a fuska. A 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a daina amfani da shi.

Ƙwaya ɗaya

Ranar 12 ga Yulin 2006 Amurka ta amince da Atripla, ƙwaya ta farko mai ɗauke da cikakken haɗin uku da ake sha sau ɗaya a rana. Kamfanoni biyu masu hamayya, Gilead da Bristol-Myers Squibb, sai da suka haɗa kai kafin a same ta, domin kowane yana riƙe da wani ɓangare. Kamfanonin Indiya suka fitar da irinta mai araha, a 2013 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wannan haɗi a sahun farko. Yana da nasa aibi. Efabirenz da ke cikinsa yakan sa jiri da miyagun mafarkai, shi ya sa ake sha da dare, kuma ba ya aiki a kan nau'i na biyu na ƙwayar cutar, wanda aka gano a 1986, wanda kuma Afirka ta Yamma ce mahaifarsa.

TLD ne ya maye gurbinsa. A cikinsa akwai tenofobir miligiram 300 da lamibudin miligiram 300, waɗanda ke lalata aikin kwafi, sai dolutegirabir miligiram 50, wanda ke hana dasa kwafin cikin bayanan halittar mutum. Kamfanin ViiV ya samu amincewar dolutegirabir a 2013, ya ba da lasisin kwafinsa ga ƙasashe matalauta a 2014. A watan Satumban 2017 aka ƙulla yarjejeniyar sayar da TLD a kan kusan dala 75 a shekara, zuwa 2023 farashin ya faɗi ƙasa da dala 45. An samu tsaiko a 2018, lokacin da wani bincike a Botsuwana ya nuna alamar haɗari ga jariran matan da suka ɗauki ciki suna shan sa. Ƙarin bayanai suka nuna haɗarin bai kai yadda aka ji tsoro ba, a watan Yulin 2019 aka amince da shi ga kowa, Gana ma ta fara sauyawa zuwa gare shi a shekarar. Kafin nan, tun 2016, ƙasar ta karɓi tsarin ba duk wanda aka samu da ƙwayar cutar magani nan take, ba tare da jiran garkuwarsa ta yi ƙasa ba.

Fa'idodinsa ga wannan yanki suna da yawa. Cutar ba ta saurin bijire masa, yana aiki a kan nau'i na biyu, kuma biyu daga cikin magungunansa suna danne ciwon hanta nau'in B, wanda ya yi yawa a arewacin Gana. Wannan fa'ida ta ƙarshe tana da sharaɗi, domin mai ciwon hanta da ya yanke maganin farat ɗaya yana iya tayar da ciwon. Mai shan maganin tarin fuka yana buƙatar ƙarin dolutegirabir, maganin ƙwannafi da na ƙarin jini kuma ana raba lokacinsu da shi. Bincike ya kuma tabbatar da cewa wanda maganin ya danne masa ƙwayar cutar har awo ya daina ganinta ba ya sa wa abokin aurensa, mai ciki kuma tana kare jaririnta.

Garuruwa uku, matsaloli uku

Arewacin Gana ta ga yaƙi da cututtuka kafin wannan. An kawar da kurkunu, wanda aka ga na ƙarshe a 2010, an kuma ci ƙarfin makantar bakin kogi da ta addabi ƙasar Bawku. Waɗannan gangami ne, ana zuwa ana tafiya. Maganin ƙanjamau kuwa na kullum ne har ƙarshen rai, don haka duk abin da ya tare hanya tsakanin mutum da asibiti ya shiga cikin lissafin jinyarsa.

A Salaga matsalar nisa ce. Garin yana kusan kilomita 120 daga Tamale, ƙauyukan Gwanja ta Gabas kuma suna warwatse, wasu a tsallaken kogi, wasu a bakin tafkin Bolta, damina tana yanke hanyoyinsu. Masunci da makiyayi ba sa zama wuri ɗaya. A nan ne ƙanƙantar maganin ta yi rana. Ba ya buƙatar firiji, kuma wanda jikinsa ya daidaita ana iya ba shi na wata uku ko shida a zuwa ɗaya, ya sa a aljihu ya tafi. Kuɗin mota sau biyu a shekara ya bambanta da sau goma sha biyu.

A Yendi, garin Musulmi inda kowa ya san gidan kowa, sirri da azumi ne ke gaba. Magani sau biyu a rana yana son tazarar sa'a goma sha biyu, yinin Ramadan kuma ya fi haka tsawo. Mai sha yakan rasa yadda zai yi, ko ya karya tazara ko ya ajiye azumi a tambaye shi dalili. Ƙwaya ɗaya ana iya tsayar da ita a sahur ko bayan buɗa-baki da shawarar ma'aikacin lafiya. Tana kuma da sauƙin adanawa ga matar da ke zaune da kishiyoyi da surukai. Amma ɓoyo ba ya warware komai, domin mijin da ba a gwada ba yana nan cikin haɗari. Shi ya sa asibitocin Gana suka sa wasu masu ɗauke da ƙwayar cutar, waɗanda suka daɗe a kan magani, su zauna a ɗakin karɓa suna lallashin sababbin zuwa, lafiyar jikinsu tana yi musu shaida. Yendi ta kuma san abin da rikici ke yi wa gari. An kashe Ya Na Yakubu Andani na II a watan Maris na 2002, dokar ta-ɓaci ta zauna a garin har 2004, daidai lokacin da ake fara ba da maganin a kudu, ba a kuma naɗa sabon Ya Na ba sai a watan Janairun 2019.

A Bawku rikicin bai kwanta ba tsawon shekaru. Gari ne na kan iyaka, kusa da Burkina Faso da Togo, kasuwarsa ta albasa da dabbobi tana haɗa ƙabilu da yawa, Hausa ce kuma harshen cinikinsu. Asibitin Mishan na Firesbiteriya da ke garin ya daɗe yana karɓar marasa lafiya daga ƙasashen uku. Taƙaddamar sarauta tsakanin Kusasi da Mamprusi ta samo asali tun 1957, ta sake ɓarkewa a ƙarshen 2021, aka sa dokar hana fita, aka riƙa tare motoci a hanya, ma'aikatan lafiya da malaman makaranta da dama suka bar garin. Mai cinikin albasa yana iya jira kasuwa ta dawo. Mai shan TLD da robarsa ta ƙare, cikin 'yan makonni ƙwayar cutar za ta sake cika jininsa.

Kammalawa

Cikin shekara 30 an sauko daga ƙwayoyi fiye da goma zuwa ɗaya, daga dala 10,000 zuwa ƙasa da 45. Abin da bai sauya ba shi ne tsawon hanyar. Mafi yawan maganin daga Indiya ake ƙero shi, da kuɗin masu ba da agaji ake sayen kaso mai yawa, a tashar jiragen ruwa ta Tema yake sauka, sannan ya hau mota zuwa arewa, kuma kowace gaɓa ta taɓa tsinkewa. Babban rumbun magunguna na ƙasa a Tema ya ƙone a watan Janairun 2015. Daga 2023 zuwa 2024 kwantenonin kayan Asusun Duniya sun yi watanni a tashar saboda taƙaddamar kuɗin fito. A watan Janairun 2025 Amurka ta dakatar da agajinta na ƙasashen waje, jihohin arewa na cikin waɗanda abin ya taɓa wajen jigilar magunguna, har Shugaba John Mahama ya umarci ministan kuɗinsa ya nemo hanyar cike giɓin. Sama da mutum 300,000 ne ke ɗauke da ƙwayar cutar a Gana a yau.

Ga ɗalibin Hausa akwai aikin da ya rage. A zangunan Gana da kasuwannin kan iyaka, Hausa ce harshen da Bakusashe da Bamoshe da Bafulatani ke haɗuwa a kai, saƙon lafiya da yawa kuma da ita yake isa kunnen jama'a. Wanda zai rubuta shi ko ya fassara shi yana buƙatar ya bambanta ɗaukar ƙwayar cuta da ƙanjamewa, ya bambanta rage kaifi da warkewa, ya kuma san wace ƙwaya yake nufi kafin ya furta kalmar a gaban jama'a.